Zaɓi da Farashinsa: Nazarin Shawarwarin Zane wajen Ƙera Jirgin Sama Mai Kujera Biyu a Gida

Tsakure

Wannan takarda ta duba shawarwarin da mai ƙera ƙaramin jirgin sama na mutum biyu a gida yake yankewa tun kafin ya huda ƙarfe ko ya yanka katako: tsarin zama, girman fiffike, kayan gini, inji da mai, da ƙafafun sauka. Ta dogara ne kan jiragen da aka gina da yawa har aka san halinsu, musamman RV-6 na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka, wanda daga jikinsa aka fitar da Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne kowane zaɓi yana da farashi, galibi da nauyi ake biyansa, kuma magini ya fi shiga haɗari a wurin da ya kauce wa zanen da aka gwada don bin ra'ayin kansa.

1.0 Gabatarwa

Ƙera jirgi a gida tsohuwar sana'a ce a Amurka da Faransa. A ƙarshen shekarun 1920 Bernard Pietenpol na jihar Minnesota ya gina jirgin katako mai kujera biyu, Air Camper, ya ɗora masa injin mota Ford Model A mai ƙarfin doki 40, kuma har yau ana gina shi daga zanen nasa. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar EAA a Wisconsin, wadda taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh ya zama babbar kasuwar wannan fanni. Dokar hukumar FAA ta Amurka ta yarda a yi wa irin wannan jirgi rajista a matsayin na gwaji, da sharaɗin cewa magini ne da hannunsa ya yi fiye da rabin aikin, don neman ilimi ko nishaɗi. Kafin ya ɗauki fasinja kuma sai ya yi tashin gwaji a keɓaɓɓen yanki, galibi sa'o'i 25 idan injin da farfelar masu takardar shaida ne, 40 idan ba su da ita.

Me ya sa kujera biyu? Jirgin mutum ɗaya ba a koyarwa a cikinsa, kuma maigida ba zai ɗauki ko ɗansa ba. Na mutum huɗu kuwa yana buƙatar babban inji da kuɗin da yawancin magina ba su da shi. Mai kujera biyu ne ya tsaya a tsakani, shi ya sa zane-zanen da suka fi yaɗuwa, daga Jodel D11 na Faransa a 1950 zuwa Thorp T-18 da Kitfox da Long-EZ, duk na mutum biyu ne.

Batun bai yi mana nisa ba. A 1989 aka fara tayar da Air Beetle, jirgin da kamfanin AIEP, mai alaƙa da Dornier na Jamus, ya harhaɗa a Kaduna bisa zanen RV-6A. Rundunar Sojan Sama ta Najeriya ta yi odar 60 don koyar da sababbin matuƙa a madadin jirginta na Bulldog. Ke nan zanen da aka yi domin mutumin da ke aiki a garejin gidansa a Oregon ya zama makarantar farko ta matuƙan soja a Kaduna.

2.0 Aikin jirgi kafin siffarsa

Tambayar farko ita ce: daga ina zuwa ina, da wa, a kan wane irin fili? Wanda bai amsa ta ba zai zaɓi jirgi ne don kyan hotonsa. Misalai biyu sun isa su nuna yadda amsar ke raba hanya.

RV-6 yana da fiffike mai faɗin murabba'in mita 10.2, cikakken nauyinsa kilo 726. Kowace murabba'in mita tana ɗauke da kilo 71 ke nan. Yana tafiya wajen kilomita 300 a sa'a, amma idan gudunsa ya sauka zuwa wajen kilomita 88 da cikakken kaya, fiffiken zai saki iska, jirgin ya daina ɗaukar kansa. Zenith CH 701, wanda Chris Heintz ya fitar a 1986, nauyinsa kilo 499 ne a kan fiffike mai murabba'in mita 11.3, wato kilo 44 a kowace murabba'i. An kuma ƙara masa wani siririn fiffike a gaban babban, da ke hana iska saurin rabuwa da shi. Yana iya rage gudu zuwa wajen kilomita 50 a sa'a, ya sauka a filin da bai fi na ƙwallo ba. Farashin wannan baiwa shi ne da ƙyar yake wuce kilomita 135 a sa'a a tafiya. An harhaɗa irinsa a filin Kpong na Gana, inda gajeren fili da araha suka fi sauri muhimmanci.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Ƙarfin da ke ɗaga fiffike ya dogara ga kaurin iska, da faɗin fiffiken, da siffarsa, da gudu a ninka shi da kansa. Idan aka ƙara nauyi ba a ƙara fiffike ba, dole jirgi ya ƙara gudu kafin ya tashi, ya kuma sauka da gudu. Idan aka faɗaɗa fiffiken, tirjiyar iska ta ƙaru, sauri ya ragu. Babu dabarar da ke ba mutum duka biyun a cike.

A nan ne yanayinmu ke shigowa lissafi. Alkaluman da masu zane ke bugawa na iskar ma'auni ne: bakin teku, digiri 15. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudun da ya kai wajen mita 476. A ranar bazara mai digiri 40, iska tana yin sirantar da jirgi zai ji kamar yana tashi daga tudun mita 1,500. Injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka kusan kashi 15 sun tafi tun jirgin yana ƙasa. Farfela ma ba ta kama iska sosai, fiffike kuma yana neman ƙarin gudu. A Jos, mai tudun kusan mita 1,300, abin ya fi haka. Duk wanda zai gina jirgi a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, da wannan adadi ya kamata ya yi lissafin tsawon titin tashi, ba da na littafin kamfani ba.

3.0 Tsarin zama da cibiyar nauyi

Hanyoyi biyu ne: ɗaya a bayan ɗaya, ko kafaɗa da kafaɗa. Richard VanGrunsven, mai kamfanin Van's, ya fi son na farko. RV-4 da ya tayar a 1979 haka yake, matuƙi a gaba a tsakiyar jirgi, yana gani dama da hagu daidai, gangar jikin kuma siririya. Masu saye ne suka matsa masa har ya fitar da RV-6 a 1986, mai ɗaki mai faɗin santimita 109. Abin mamaki, asarar saurin ba ta fi kilomita 5 a sa'a ba a kan RV-4. Faɗin jiki ba shi ne babban abin da ke ja da jirgi baya ba, matuƙar an sassaƙa shi ya tsuke a hankali zuwa wutsiya.

Babban bambancin yana wajen cibiyar nauyi, wato wurin da jirgi zai daidaita in an rataye shi. A RV-6 iyakar da aka yarda cibiyar ta yi yawo a ciki wajen santimita 20 ce kacal. A ɗauki jirgi mai kilo 600, a zaunar da fasinja mai kilo 80 santimita 90 a bayan cibiyar. Cibiyar za ta ja baya da fiye da santimita 10, rabin iyakar ke nan ta tafi da mutum ɗaya. Idan ta wuce iyakar baya, jirgin yakan yi sauƙin ɗaga hanci fiye da kima, kuma in ya shiga juyawa a sama fitar da shi na iya gagara. Pietenpol ya warware wannan ta hanyar sanya fasinja a gaba, ƙarƙashin fiffike, kusa da cibiyar, matuƙi kuma a baya. Zaman kafaɗa da kafaɗa ya fi sauƙin warware ta, domin mutanen biyu suna zaune kusan a kan cibiyar. Ko mutum ɗaya ne ko biyu, halin jirgin bai cika canzawa ba.

Ga koyarwa, a ganina babu gardama. Malami yana ganin hannun ɗalibi, yana ganin inda idonsa yake, yana iya nuna masa agogo da yatsa, kuma agogunan saiti ɗaya ne ba biyu ba. Bulldog da Air Beetle ya gada haka yake, Super Mushshak na Pakistan da Najeriya ta saya daga baya ma haka yake.

Fiffike a sama ko a ƙasa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Na sama yana ba da inuwa, yana nesa da ciyayi da kututture, mai kuma yana gangarowa inji da kansa. Na ƙasa yana buƙatar famfon mai, kuma galibi yana zuwa da murfin roba mai haske a kan matuƙa, wanda zama ƙarƙashinsa da azahar a watan Afrilu ana jiran izinin tashi azaba ce.

4.0 Kasafin nauyi

RV-6 da aka gina bisa zane yana da nauyin wajen kilo 438 ba kowa ba komai a ciki. A cire daga 726, saura 288. Tankunansa na cin lita 144, nauyinsu wajen kilo 104. Saura kilo 184 na mutum biyu da jakunkunansu. Manya biyu masu kilo 85 kowanne sun bar kilo 14 kacal na kaya.

Wannan ɗan lissafi ne ke hukunta duk wata sha'awar magini. Kujerun fata, fenti mai kauri, batir na biyu, farfela mai canza kusurwa, ƙarin agoguna: kowanne kilo biyu ko biyar ko goma, kuma duk daga cikin 184 ɗin nan ake cirewa. Jarabawar da ke biyo baya ita ce magini ya rubuta wa jirginsa nauyin da ya fi na mai zane, tunda a rukunin gwaji shi ne ke rubutawa. Ƙarfen fiffike dai bai san abin da aka rubuta ba. An zana RV-6 ya jure ninki 6 na nauyinsa a wasan sama, amma a kilo 624, ba a cikakken kaya ba. Al'adar injiniyoyin jirage ita ce su ƙara rabi a kan iyakar da aka zana kafin abu ya karye. An tanadi wannan rarar ne saboda aibin ƙarfe da kuskuren hannu da tsufa, ba don a cinye ta da kaya ba.

5.0 Kayan gini

Katako shi ne mafi tsufa, kuma kafinta mai haƙuri zai iya aikinsa da kayan da ya saba da su. Matsalar ita ce ba kowane katako ba ne. Wanda aka ɗauka ma'auni shi ne Sitka spruce na gaɓar arewa maso yammacin Amurka da Kanada, mai miƙaƙƙiyar jijiya, kuma ana duba kowane sanda kafin a karɓa. Wanda ya musanya shi da katakon kasuwa ba tare da gwajin ƙarfi ba ya zana sabon jirgi ne bai sani ba. Sannan katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke. Ko a ƙasashen da bambancin bai kai namu ba, ana sake ɗaure notocin farfelar katako idan yanayi ya juya. Ga kuma gara.

Bututun ƙarfe da aka yi wa walda aka lulluɓe da yadi shi ne tsarin Kitfox da Avid Flyer. Yana da sauƙin gyara, yana kare mutum in an yi hatsari, masu walda kuma ba su yi mana ƙaranci ba. Sai dai bututun na musamman ne, ƙarfe mai lamba 4130 mai siririn bango, waldarsa ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Yadin kuma rana ce maƙiyiyarsa. Sai an shafe shi da fenti mai garin alminiyam, an kuma samar masa rumfa.

Burt Rutan ne ya yaɗa hanya ta uku da VariEze a 1975 da Long-EZ a 1979: a sassaƙa soso mai tauri, a lulluɓe shi da zaren gilashi da gam ɗin efoksi. Ana samun jiki mai santsi da sauri a kan ƙaramin inji. Amma gam ɗin da ya bushe a zafin ɗaki yana fara laushi idan ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, shi ya sa kusan duk irin waɗannan jirage farare ne. Fenti mai duhu a ranar Sakkwato zai iya kai fiffike wannan mataki. Aikin kansa yana son ɗaki mai tsabta da daidaitaccen zafi, kuma aibin da ke cikin shimfiɗar zaren ba ya ganuwa da ido bayan an rufe. Ƙurar hunturu ba ta dace da shi ba.

Alminiyam ne, a ra'ayin wannan takarda, ya fi dacewa da busasshen yanayi mai zafi. Ba ya jin rana, gara ba ta cin sa, kuma mummunan aiki a bayyane yake: ƙusar ribiti da ta karkace kowa zai gan ta, a huda ta a sake. Van's yana amfani da nau'in 2024-T3 mai ƙarfi da ƙusoshin da ake bugawa, fiye da 10,000 a jirgi ɗaya, kuma da yawansu sai mutum biyu, ɗaya da bindigar iska ɗaya riƙe da ƙarfen tokara a ciki. Zenith ya zaɓi 6061-T6, wanda bai kai wancan ƙarfi ba amma ya fi jure tsatsa, da ƙusoshin ja da mutum ɗaya ke sawa. Gina RV-6 daga kayan haɗi na cin sa'o'i 2,000 ko fiye. RV-7 da ya gaje shi a 2001 ya zo da ramukan da na'ura ta riga ta huda, abin da ya rage lokaci da kuskure sosai.

6.0 Inji, mai da ƙafafu

Lycoming O-320 mai doki 150 ko 160 da O-360 mai doki 180 su ne injinan RV-6. Iska ce ke sanyaya su, farfela tana manne da inji kai tsaye, juyinsu bai wuce 2,700 a minti ba. Rotax 912 na Ostiriya, da ya fito a 1989 da doki 80 daga baya aka yi mai 100, nauyinsa kusan rabin nasu ne. Yana juyi har 5,800 a minti, giya ce ke rage wa farfela, ruwa kuma ke sanyaya kawunan silinda.

A wurinmu mai ne ke yanke hukunci kafin ƙarfin doki. Man ƙananan jirage mai darma, 100LL, ba a kowane fili ake samunsa a Afirka ta Yamma ba, kuma yana da tsada. Rotax ya fi son fetur ɗin mota marar darma, in oktan ɗinsa ya kai. Air Beetle ma an tanadi injinsa na doki 180 ya iya shan fetur ɗin mota. Amma fetur ɗin mota yana saurin zama tururi a cikin bututu idan zafi ya yi yawa, ya toshe wa inji mai a daidai lokacin tashi. Maganinsa yana cikin zane: a nisanta bututu da salansa, a rufe shi da abin kare zafi, a sa famfo a ƙasa kusa da tanki, a yi hanyar mayar da rarar mai. Gurɓataccen mai da ruwa a tanki kuma sai da tacewa da gwaji kafin kowane tashi.

Injin mota yana jan hankali saboda araha, Pietenpol ma da shi ya fara. Sai dai injin mota an yi shi ne ya yi yawancin rayuwarsa a ƙaramin kaso na ƙarfinsa, na jirgi kuwa yana sa'o'i a kashi 65 zuwa 75. Wanda ya ɗora injin mota ya ɗauki aikin zana giya da lagireto da wutar fulogi, kuma shi zai gwada su a sama da ransa.

Ƙafafu kuwa, jirgi mai ƙaramar taya a wutsiya ya fi sauƙi, farfelarsa ta fi nisa da tsakuwa, amma cibiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyi, don haka da an yi sake wajen sauka sai wutsiya ta nemi wuce hanci. Mai taya a gaba yana miƙe kansa. Shi ya sa RV-6A ya fito a 1988, shi kuma aka ɗauka don Air Beetle. Rauninsa fili mai laushi ne, inda siririyar ƙafar gaba kan nutse jirgi ya kifa.

7.0 Inda magini ya kauce wa zane

Masu zane ma suna kuskure. A 2009, bayan jerin haɗurran da fukafukan Zenith CH 601 XL suka karye a sama, hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta nemi a dakatar da shi, kamfanin kuma ya fitar da kayan ƙarfafa fiffiken. Amma saboda an gina jirgin da yawa iri ɗaya, an iya haɗa haɗurran a ga inda suka yi kama, aka yi gyara ɗaya ga kowa. Gyaran da mutum ɗaya ya yi a garejinsa ba shi da wannan gata.

Ranar 12 ga Oktoba 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a cikin Long-EZ a tekun Monterey na Kalifoniya. Ba shi ya gina jirgin ba, saye ya yi. A zanen Rutan, makunnin da ke sauya tankin mai yana gaban matuƙi tsakanin ƙafafunsa. Maginin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, don kada bututun mai ya ratsa ɗakin matuƙi. Dalili ne mai kama hankali, na neman aminci ma. Amma kafin mutum ya kai hannu wurin sai ya juya jikinsa, kuma masu bincike sun gano cewa juyawar tana sa ƙafar dama ta danna fedar jan wutsiya. Man tanki ɗaya ya ƙare jirgin yana ƙasa-ƙasa, matuƙin ya juya neman makunni, jirgin ya kauce. Fiffike lafiya, inji lafiya.

Binciken da NTSB ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen ginin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen Amurka, amma a 2011 su ne ke da wajen kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Mutuwar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi ne suka fi yawa, kuma kaso mai yawa ya faru ne a sa'o'in farko na sabon jirgi, ko a hannun wanda ya saye shi bai saba da shi ba. Cikin shawarwarin NTSB har da gwada kwararar mai a ƙasa kafin tashin farko. Tsarin mai da ɗaurin inji su ne sassan da kayan haɗi suka fi bar wa magini ya yi yadda ya ga dama.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa komai. Jirgin da zai yi aiki a Kano ko Maraɗi yana buƙatar babbar matatar iska saboda ƙura, da ƙarin sanyaya man inji, da hanyar shigar iska ga mutanen ciki. Sharaɗin shi ne a yi gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a auna nauyinsa, a sake lissafin cibiya, a tuntuɓi mai zane, a gwada a ƙasa, a rubuta.

Kira na ga sassan injiniya na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, shi ne su fara da kayan haɗin jirgin alminiyam mai zaman kafaɗa da kafaɗa da injin da ke shan fetur ɗin mota, su gina shi yadda aka zana, tare da sa idon hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tun daga ƙusar farko. Sannan su auna tsawon tashinsa da zafin injinsa a watan Afrilu da watan Agusta, su buga alkaluman domin wanda zai zana na gaba ya sami abin dogaro.